Wane Littafi Zai Riƙe Sabon Mai Karatu?

Wanda ya gama yaƙi da jahilci, in ya daɗe bai buɗa littafi ba, baƙaƙe sukan ɓace masa. A ganina, ya fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam (1934), domin gajere ne, ga ban dariyar Malam Zurƙe. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ya fi nauyi, yana nuna ɗacin bauta. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi kuwa, daɗinsu sai an rera. Sarraounia na Abdoulaye Mamani (1980) ya ɗauko yaƙin Lugu na 1899, amma da Faransanci. Ya kamata magabata su kai littattafan Hausa har ƙauyuka, kada wahalar malamai da ɗalibai ta tashi banza.