Wanda Aka Harba: Magani Tukuna, Takarda Daga Baya

A da, idan aka kai wanda aka harba asibiti, sai a ce a kawo takardar 'yan sanda tukuna. Kafin a samo ta, jini ya ƙare.

A shekarar 2017 aka yi doka a Nijeriya wadda ta hana haka. Dole kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe shi nan take, ko babu takarda, ko ba a ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa 2. Wanda ya kawo shi kuwa, doka ta hana a takura masa da tambayoyi.

A kan hanya, a danne raunin da ƙyalle mai tsabta, kada a saki. Kada kowa ya tono harsashin.