Yaron Da Ke Toshe Kunne A Sujada: Yadda Za Mu Taimake Shi

'Yan'uwa cikin Kristi, a ikkilisiyoyinmu da yawa akwai yaron da kan toshe kunnuwansa da zarar an soma kiɗa, ko ya yi ta kaɗa hannuwa, ko ya kai shekara huɗu bai buɗe baki ba. Wasu sukan ce taurin kai ne, wasu kuma su ce aljanu ne ko maita. Daga nan sai duka da ɗauri da kulle yaro a ɗaki. Muna roƙonku mu sake duban wannan al'amari.

Sau da dama irin wannan yaro yana da otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Da shi aka haife shi, kuma gado yana da hannu ƙwarai a ciki. Ba laifin uwa ba ne, ba allurar rigakafi ce ke kawo shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum 1 cikin 127 yana da shi. Mu tuna da Yohanna sura 9, inda Ubangiji Yesu ya ƙi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa.

A asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya akwai ma'aikatan lafiya da aikinsu shi ne koyar da ayyukan yau da kullum: cin abinci, wanka, sa tufafi, wasa, makaranta da sana'a. A da, an fi ƙoƙarin sa yaro ya yi kama da sauran yara. Amma tun shekarun 1990 manya masu otizim suka soma faɗa da kansu cewa ƙwaƙwalwarsu ba lalatacciya ba ce, hanyar aikinta ce dabam, kuma tilasta musu ɓoye halinsu yana gajiyar da su ƙwarai. Saboda haka ma'aikata da yawa suka sake salo. Yanzu sukan fara da tambaya: me mutumin nan yake so ya iya, kuma me ke tare masa hanya? Sau da yawa wurin ne ake gyarawa, ko yadda ake koya masa aikin.

Ga abin da za mu iya yi ko babu asibiti kusa.

Ga ƙananan yara: ƙarar lasifika da ganga takan yi wa wasu zafi a kunne. Mu bar uwa ta zauna da shi kusa da ƙofa, ya fita ya dawo ba tare da harara ba. Kaɗa hannu da jijjiga jiki hanyarsa ce ta kwantar da hankali, kada mu hana shi in ba ciwo yake ji wa kansa ba. In yana buga kai da bango, mu nemi dalili: haƙori ne, ko kunne, ko yunwa, ko hayaniya? In maɓalli ya gagare shi, a ɗinka masa wando mai roba. In bai da magana, ya nuna da hannu ko da hoto. Wannan ma magana ce.

Ga matasa: mu raba aiki kashi-kashi. Maimakon mu ce "je ka yi wanka", mu nuna masa ɗiban ruwa, sai sabulu, sai ɗauraya, kullum bisa tsari ɗaya. In za a yi tafiya ko baƙi za su zo, mu sanar da shi tun da wuri.

Ga manya: mu tambaye su abin da suke so, kada mu yanke musu. Wani zai iya kiwon awaki, wata ɗinki, wani jera kujeru ko riƙe lissafin baiko. Wani kuwa zai bukaci mai kula da shi muddin ransa, kuma darajarsa ba ta ragu ba.

Mu yi hattara da abu biyu. Waɗannan yara sukan fita ba da sanin kowa ba, ruwa kuma yana jan hankalin wasunsu, don haka mu rufe bakin rijiya. Farfaɗiya kuma ta fi yawa a cikinsu. Tana da magani a asibiti, kada mu yi jinkiri.

Dokar Nijeriya ta hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su hakkin ilimi. Muna kira ga fastoci, dattawa, zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi su ziyarci gidajen nan, su karɓi uwa raino ko na awa ɗaya, su tabbata akwai wa yaron wuri a benci ranar Lahadi. Ubangiji ya ba mu haƙuri da ƙauna. Amin.