Barewa da Kifi: Abin da Ƙasar Dakoro Za Ta Koya daga Farautar Yammacin Amurka

A jihohin yammacin Amurka, musamman jihar Wayomin, akwai wata sana'a da ta haɗa farauta da su a cikin tafiya guda, inda baƙo yake biyan kuɗi a ba shi jagora wanda ya san daji, ya yi kwana biyu ko uku yana neman barewa a fili, sa'annan ya ƙarasa sauran kwanakinsa a bakin kogi yana kamun kifi da fatsa. Ana yin wannan tafiya a watannin Satumba da Oktoba, domin a lokacin ne hukuma take buɗe farautar barewa, kuma a lokacin ne ruwan koguna yake hucewa bayan zafin bazara har kifi ya koma cin abinci sosai. Mai karatu da ke Mai Yara ko wani gari na ƙasar Dakoro a Nijar zai iya ɗaukar wannan a matsayin shaƙatawar masu hannu da shuni, amma tsarin da ya sa sana'ar ta ɗore ya shafi dajin da ke arewacin garinsa kai tsaye, domin barewar Amurka ta taɓa kaiwa bakin ƙarewa kamar yadda namun dajin Sahel suka kai a yau.

Dabbar da kanta

Barewar Amurka, wadda masana suke kira Antilocapra americana, ta yi kama da barewar ƙasar Hausa a siffa da launi da son fili, amma ba danginsu ɗaya ba, domin binciken halittu ya nuna cewa dabbar da ta fi kusa da ita a cikin masu rai ita ce raƙumin dawa. Namijin yakan kai kilo 40 zuwa 65, kuma ƙahonsa yana da ɗan reshe da ya fito ta gaba, sa'annan kuben da ya lulluɓe ƙahon yakan faɗi kowace shekara wani ya tsiro, abin da ba a gani ga shanu ko awaki ko barewar Afirka. Gudunta yakan kusanci kilomita 90 a sa'a, kuma tana iya riƙe gudu mai ƙarfi na tsawon zango, ga kuma manyan idanu da suke hango motsi daga nisan kilomita da dama, wanda ya sa maharbi ba ya cim mata sai da dabarar sanɗa.

Kafin Turawa su mamaye yammacin ƙasar, an kiyasta yawan wannan dabba da miliyoyi masu yawa, har wasu masana suna ambaton miliyan 30 zuwa 40, amma harbin kasuwanci da buɗe gonaki da kafa shingayen waya suka rage ta zuwa 'yan dubbai kaɗan a farkon ƙarni na 20. Matsalar shinge ta yi mata illa ta musamman, domin ɗabi'arta ita ce ratsawa ta ƙarƙashin waya maimakon tsallakewa, saboda haka shingen da ya taɓa ƙasa yakan tare mata hanyar ƙaura a lokacin ƙanƙara har ta mutu da yunwa. A yau yawanta ya koma ɗaruruwan dubbai, kuma kaso mafi girma yana jihar Wayomin.

Yadda aka dawo da ita

Matakin farko shi ne doka, domin a shekarar 1900 majalisar Amurka ta kafa dokar Lacey wadda ta haramta safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jiha zuwa wata, kuma jihohi da dama suka rufe farautar barewa ɗungurungum na tsawon shekaru. Mataki na biyu shi ne keɓe wuri, kamar gandun Sheldon a jihar Nebada a 1931 da gandun Hart Mountain a jihar Oregon a 1936. Mataki na uku, wanda shi ne ginshiƙin tsarin, shi ne kuɗi: dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, wanda a yau ya kai kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta, ta mayar da shi ga hukumomin kula da namun daji na jihohi, kuma a 1950 dokar Dingell da Johnson ta yi irin wannan tanadi a kan kayan su. Ta haka kuɗin mafarauci da na mai fatsa suke komawa wajen ƙidayar dabbobi da gyaran makiyaya da biyan ma'aikatan gandun daji.

Ƙidayar ita ce take yanke hukunci a kowace shekara. Ma'aikata sukan zagaya da jirgin sama da mota su kiyasta yawan garke, su kuma lissafa yawan 'ya'yan da suka rayu a kan kowace mace ɗari, sa'annan a ƙayyade adadin takardun izinin da za a bayar a kowane yanki, a raba su ta hanyar ƙuri'a. Idan shekara ta yi muni adadin yakan ragu, kamar yadda ya faru bayan tsananin sanyin 2022 zuwa 2023 da ya kashe barewa masu yawa a Wayomin, inda hukuma ta janye dubban takardun izini ba tare da la'akari da asarar kuɗin shiga ba.

Aikin jagora a daji da a ruwa

Jagora mutum ne mai lasisin hukuma wanda ya san mashayar dabbobi da makwancinsu da iyakokin filayen gwamnati da na masu kiwo. Tun da asuba yakan hau tudu da baƙonsa su duba fili da tabarau mai kusanto da nesa, idan sun zaɓi namijin da ya manyanta sai su bi kwari da bayan tuddai, suna kiyaye kada iska ta kai warinsu ga dabbar, wani lokaci har da rarrafe a cikin ƙaya, har su kusance ta da mita 200 ko 300. Doka ta hana harbi daga cikin mota ko daga kan hanya, ta kuma hana barin nama ya lalace a daji, saboda haka da zarar dabba ta faɗi ake feɗe ta a sanyaya naman.

Rabin tafiyar na biyu yakan kasance a koguna masu sanyi irin su North Platte da ke kusa da birnin Casper, inda ake neman wani kifi da ake kira tirawut. Fatsar da ake amfani da ita ta bambanta da wadda aka saba gani a ƙasar Hausa, domin ba a sa mata tana ko wani abinci, sai dai a ɗaure gashin tsuntsu da na dabba da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da kifin yake ci a wannan lokaci. Da yake wannan ƙwaron gashi ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi wa nauyi, mai fatsa ya riƙa kaɗa ta gaba da baya a iska da doguwar sanda mai lanƙwasa har ta miƙe ta ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali. Akasarin kifin da aka kama akan cire masa ƙugiya a mayar da shi ruwa da rai, kuma idan ruwa ya yi ɗumi fiye da kima akan dakatar da fatsa domin kifin da ya gaji a ruwan ɗumi ba ya farfaɗowa. Hikimar wannan a fili take, domin kifi ɗaya da ya rage a kogi yana iya jawo baƙi da yawa, kowannensu yana biyan jagora da masauki da abinci.

Abin da ke arewacin Dakoro

Ƙasar Dakoro tana kan iyakar noma da kiwo, kuma dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta wajen kwarin Tarka, inda daga nan zuwa arewa aka bar wa makiyaya, Fulani da Buzaye. A cikin wannan yanki ne gandun dajin Gadabeji yake, wanda aka kafa a 1955 da faɗin hekta 76,000, kuma a da yana ƙarƙashin Dakoro kafin a ƙirƙiro gundumar Bermo. An keɓe shi ne domin kare namun dajin Sahel irin su mariri da barewa da jimina da raƙumin dawa, amma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, tare da harbi ba ƙaƙƙautawa da cunkoson dabbobin gida a makiyaya, suka share yawancinsu. Mariri, wato farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya, ta ɓace gaba ɗaya har ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun da ke cikin haɗari ta bayyana a shekarar 2000 cewa babu sauranta a daji ko'ina a duniya. Barewa ce ta jure, tare da dila da yanyawa da tuji, duk da cewa ita ma tana cikin jerin dabbobin da ake fargabar raguwarsu.

Duk da haka akwai alamun farfaɗowa, domin a 2017 hukumar UNESCO ta sanya Gadabeji cikin jerin yankunan da ake kare halittu tare da rayuwar mazauna, kuma a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure kusa da Yamai aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun, bayan kusan shekaru 50 ba a ga irinsu a can ba. Su kansu raƙuman dawan Kure sun ragu zuwa 49 a tsakiyar shekarun 1990, amma kariya da haɗin kan manoma suka mayar da su sama da 600. A maƙwabciya Chadi kuma an fara sakin mariri a daji tun 2016, har aka cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji a ƙarshen 2023. Waɗannan misalai sun tabbatar da cewa abin da ya yiwu a Wayomin yana yiwuwa a Sahel.

Nijar ba ta rasa doka ba, domin an rufe farauta a ƙasar a 1974, daga baya kuma doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara takardun izini iri-iri, ciki har da na farautar gargajiya da na farautar nishaɗi da na kallon namun daji, ta kuma hana farauta da mota da fitila da wuta da guba, yayin da a gandun Gadabeji aka haramta harbi gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne ƙidaya mai ɗorewa, da ma'aikata masu isassun kayan aiki, da hanyar da kuɗin daji zai koma ga mutanen da suke zaune a bakinsa. Motar da take bin barewa a fili har ta faɗi don gajiya tana iya share garke guda a yini ɗaya, ɓarnar da maharbi mai kwari da baka ba zai yi ba a tsawon rayuwarsa.

Maharba da masunta

Ilimin da jagoran Amurka yake sayarwa da tsada yana nan a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Maharbin gargajiya ya san sawu da kashi da makwanci, ya san bin iska da sanɗa, kuma yana ƙarƙashin sarkin baka ko sarkin dawa wanda yake da ikon tsawatarwa, kamar yadda masunta suke ƙarƙashin sarkin ruwa wanda yake iya rufe su har kifi ya hayayyafa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 kuma UNESCO ta amince da shi a 2016, ya dogara ne a kan hana taɓa wani sashe na kogi har ranar biki, wanda shi ne ainihin tunanin da ke bayan lokacin buɗewa da rufewa a Amurka.

Yankin Maraɗi, wanda Dakoro take cikinsa, ba shi da koguna masu sanyi da gudu duk shekara, amma yana da tafkin Madarunfa a kudu da tafkin Akadane a wajen Bermo, inda masunta suke neman tarwaɗa da karfasa ta hanyar amfani da birgi da kalli da mamari. A nan kifi abinci ne da jari, saboda haka ba za a ce wa magidanci ya mayar da abin da ya kama ba, sai dai ƙa'idar girman idon raga da hutun tafki a lokacin ƙwai suna amfanar shi kansa masuncin. Fatsar ƙwaron gashi kuma ta riga ta shigo yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, domin a kogin Faro na arewacin Kamaru baƙi suna biyan kuɗi mai yawa don kama giwan ruwa da tsage su sake su.

Bambancin da ke tsakanin wuraren biyu yana da girma, domin Wayomin tana da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 250,000 da mutanen da ba su kai 600,000 ba, alhali ƙasar Dakoro cike take da manoma da makiyaya da suke neman fili da ruwa, ga gobarar daji da take cinye ciyawa a kowace kaka. Saboda haka kwaikwayon tsarin baki ɗaya ba zai yiwu ba, kuma buɗe farautar barewa ga baƙi a yau zai zama cin iri kafin shuka. Abin da ya dace shi ne bin matakan a jere yadda suka zo: kariya tukuna, sa'annan ƙidaya, sa'annan yawon kallo da zai kawo kuɗi ba tare da zubar da jini ba.

Wajibi ne hukumomin ruwa da dazuzzuka da majalisun gundumomi irin su Mai Yara da sarakunan gargajiya su jawo maharba da makiyaya cikin aikin gadi da ƙidaya da jagorancin baƙi, a kuma ware wani kaso bayyananne na kuɗin shiga domin rijiyoyi da makarantu da share hanyoyin tare gobara a ƙauyukan da ke kewaye da gandun. Manomi da makiyayi za su kare barewa ne idan sun ga amfaninta tana raye ya fi na namanta, kuma alhakin nuna musu wannan amfani yana wuyan hukuma da masu faɗa a ji na yankin.