Haɗa Injin Mota Domin Ɗaura Masa Turbo: Waiwaye Daga Ƙasar Dawce

1.0 Gabatarwa

Dawce tana cikin gundumar Kance ta jihar Damagaram, kusa da Matamaye, dab da iyakar Nijeriya. Motocin da ke bin hanyar Damagaram zuwa Kano ta Matamaye da Daura, da waɗanda ke shiga ƙauyuka ta cikin rairayi su ɗauko rake ko hatsi ko dabbobi, galibinsu tsofaffi ne, kuma lodin da ake yi musu ya wuce kima. Saboda haka direba yakan so a ƙara wa injinsa ƙarfi, kuma hanyar da ta fi kusa ita ce ya sayo turbo ɗan Kwatano daga kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, ya kai wa makanike ya ɗaura.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ɗaura turbo ya wuce ƙara ƙarfe guda a jikin inji. Aiki ne da ke sauya matsi da zafin da ke cikin silinda, don haka dole sauran sassa su sauya tare da shi. Idan muka ce haɗaɗɗen inji a nan, muna nufin wanda aka harhaɗa da sassan injuna daban-daban. Motar da ke aiki da mai da lantarki a haɗe ba ta cikin wannan bayani.

2.0 Hanyoyi biyu na tura iska

Ƙarfin inji ya dogara da yawan man da ya ƙone, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Inji na gama-gari yana zuƙar iska da kansa, iyakar abin da silinda za ta ɗauka. Idan aka tura iskar da famfo, sai ta fi haka yawa, sannan a ƙara mai daidai da ita.

Famfo na farko shi ne mai bel, wanda injin da kansa ke juyawa. Wani nau'insa ya samo asali daga ƴan'uwa biyu masu suna Roots a Amurka, waɗanda suka yi rajistar ƙirarsu a 1860. Yana ba da iska da zarar an taka totur, amma yana cin wani kaso na ƙarfin da ya samar. Na biyu shi ne turbo, wanda Alfred Büchi, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi wa rajista a 1905. Shi hayaƙin da ke fita ne ke juya shi, wato yana amfani da ƙarfin da da zai tafi a banza. Gudunsa yakan wuce juyi dubu 100 a minti guda, kuma da baƙin man injin yake samun santsi da sanyi.

3.0 Misali daga injunan gazuwal

Kamfanin Toyota ya fito da injuna biyu na Land Cruiser a 1990: 1HZ marar turbo da 1HD-T mai turbo. Dukansu silinda 6 ne, faɗin silinda milimita 94, tafiyar fistan milimita 100, girma cc 4164. Na farko yana ba da ƙarfin doki kimanin 130, na biyu kimanin 165. Mai kallo daga waje zai zaci turbo ne kaɗai bambancinsu, alhali ba haka ba ne.

A 1HZ ana fesa gazuwal cikin wani ƙaramin ɗaki da ke jikin kan inji, wanda makanikan Nijar ke kira kilas, kuma matsinsa ya haura 22 bisa 1. A 1HD-T kuwa ana fesa man kai tsaye cikin ramin da aka fafe a kan fistan, kuma an sauke matsin zuwa 18,6 bisa 1. Ke nan fistan da kilas da bakin fesa mai da famfon mai duk sun bambanta, kuma an ƙera kowanne domin ya dace da sauran. Wanda ya saka fistan ɗin 1HD-T a ƙarƙashin kilas ɗin 1HZ ya yi haɗin gambiza. Wanda kuma ya ɗaura turbo a kan 1HZ yadda yake, ya buɗe famfon mai, ya haɗa wa fistan matsi mai yawa da zafi mai yawa a lokaci guda, abin da kan kai ga tsagewarsa.

4.0 Lissafin matsi a injin fetur

A injin fetur haɗarin shi ne mai ya kama wuta da kansa kafin lokacinsa, abin da direba ke ji kamar ƙarar tsakuwa cikin gwangwani. Maganinsa na farko shi ne rage matsi. Lokacin da kamfanin Saab na Suwidin ya fito da motarsa 99 Turbo a 1978, ya sauke matsin zuwa 7,2 bisa 1, daga sama da 9 bisa 1 na injin da ba shi da turbo.

Bari mu ɗauki inji mai lita 2 da silinda 4, wato cc 500 kowace silinda, faɗinta milimita 86. Idan matsinsa 9,5 ne, sararin da ke saura a saman fistan shi ne 500 a raba da 8,5, wato kimanin cc 59. Domin a sauko zuwa 8, ana buƙatar 500 a raba da 7, wato cc 71. Bambancin cc 12 zuwa 13 ne. Idan ta kaurin gasket za a nemi wannan sarari, sai an ƙara fiye da milimita 2, wanda ya sa wasu ke ninka gasket biyu. Wannan dabara tana raunana daidai wurin da matsi zai fi bugawa. Abin da ya dace shi ne fistan mai rami a ka, wanda aka ƙera domin inji mai turbo.

5.0 Zafi, ƙura da mai

Abubuwa uku na wannan yanki suna ƙara nauyin matsalar.

Na farko zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, iska kuwa tana ƙara zafi idan aka matse ta. Idan turbo ya zuƙi iska mai digiri 45, ya ƙara mata matsi na bar 0,7, lissafi ya nuna za ta fito da digiri kusan 120. Iska mai zafi ba ta da nauyi, don haka maimakon ribar kashi 70 cikin 100 da ma'aunin matsi ke nunawa, abin da ya shiga silinda bai kai ƙarin kashi 40 ba. Idan aka bi da ita ta cikin na'urar sanyaya iska ta sauko digiri 65, ribar takan kai kashi 60. Haka kuma lagireton da aka auna don doki 130 ba lallai ya ɗauki zafin doki 165 ba.

Na biyu ƙura. A lokacin hunturu iska cike take da ƙura, kuma inji mai turbo ya fi zuƙar iska. Matatar iska da ta huje, ko robar da ta tsage, tana barin rairayi ya ci fukafukan turbo, ya kuma goge ringi da bangon silinda.

Na uku mai. Matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a 2011, amma sayar da mai cikin kwalba da jarka a bakin hanya, sana'ar ƴan ruwa-ruwa, ya daɗe a garuruwan iyaka. Mai sayen irin wannan mai ba shi da hanyar sanin ingancinsa. Inji na gama-gari yakan jure, wanda aka matsa masa kuwa ba shi da wannan rangwame.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa aikin yana da jeri. A fara da duba lafiyar injin, domin turbo ba ya gyara ringin da ya cinye. Sai a daidaita matsi, a tanadi hanyar baƙin mai zuwa turbo da dawowarsa, a inganta sanyaya iska da ruwa, daga ƙarshe a ƙara mai kaɗan-kaɗan ana lura da zafin hayaƙi. Baƙin hayaƙi a injin gazuwal alama ce ta mai ya fi iska yawa, kuma zafi yana hauhawa.

Ga mai motar da iyalinsa ke ci daga gare ta, idan aka tara kuɗin fistan da kilas da famfon mai da na'urar sanyaya iska, sau da yawa ya fi sauƙi ya sayi injin da aka ƙera da turbo tun daga masana'anta, ya ɗora shi gaba ɗaya. Idan hakan bai samu ba, ya tsaya a matsi ƙarami, ya kuma rage lodi a watannin bazara.