Karatu Da Aikin Hannu: Daga Makarantar Ɗan Hausa Zuwa Daurawa

Duk wanda ya bi hanyar Maiduguri ta Daurawa da sassafe, ko ya ratsa cikin Gyadi-Gyadi, ba zai rasa ganin yara iri biyu ba. Ga waɗansu sanye da rigunan makaranta, jaka a baya, suna sauri kada a rufe ƙofa. Ga kuma tsararrakinsu, 'yan shekara 12 zuwa 15, sun riga sun share ƙofar shagon maigidansu, mai walda ne ko kafinta ko bakanike, suna jiran aiki ya zo. Da yawa cikin na farkon sun haddace yadda a ke fid da faɗin fili a kan allo, amma ko ƙofar ɗakinsu ba su taɓa aunawa ba. Da yawa cikin na biyun kuwa sun iya yanka ƙarfe daidai wa daida, amma in aka ce su rubuta wa mai kaya lissafin kuɗin aiki, sai ido ya raina fata.

Abin da ya sa muka ta da wannan magana shi ne, cikin shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta bayyana sabon tsarin darussa, wanda a cikinsa aka ce kowane yaro na ƙaramar sakandare zai zaɓi sana'a ɗaya daga cikin shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, noman lambu, kwalliya da gyaran jiki, ko gyaran kwamfuta da wayar hannu. Labari ne mai daɗin ji. Amma fa mutanen Kano sun fi kowa cancantar su yi tambaya, gama wannan ne karo na uku da aka ɗaura wannan aure tsakanin littafi da hannu a ƙasarsu, na biyun farko kuwa ba su yi ƙarko ba.

Na farko an ɗaura shi ne a Nasarawa, tafiyar 'yan mintoci daga Daurawa. Wani Bature ne, Hanns Vischer, wanda aka haifa a Basel ta ƙasar Suwizalan cikin 1876. Ya fara zuwa ƙasar nan wajen aikin mishan, daga baya ya koma aikin Gwamnati a Barno, har cikin 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus tare da ayari. Sabo da gwanintarsa ga harshenmu da sabonsa da mutane aka laƙaba masa suna Ɗan Hausa. Da Gwamna Girouard ya ɗora masa sha'anin ilmi, sai da ya zaga Masar da Sudan ya ga yadda su ke tafiyad da makarantunsu, sa'an nan ya buɗe tasa a Nasarawa cikin 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas. Ya yi sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na elementare, ya kuma yi sashen sana'a inda a ke koyon sassaƙa da ƙira da dukanci da saƙa da gini. Da Hausa a ke karatun, cikin ɗakunan ƙasa irin namu, yara na sanye da tufafinsu na gida. Gidan da ya zauna yana nan har yau, shi ne Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta ke ajiye kayan tarihi.

Kada mai karatu ya zaci muna wanke Turawan mulki ne. Cikin masu yabon aikin hannu a wancan zamani akwai waɗanda abin da ke ransu shi ne kada baƙar fata ya yi zurfin karatu har ya nemi kujerarsu. Iyayenmu kuwa ba su makance ba. Sun ga wanda ya iya alƙalami shi ke zama malamin haraji ko akawun En'e, a ba shi albashi da doki, wanda ya iya guduma kuwa ya koma inda ya fito. Wa zai zarge su don sun fi so ɗansu ya kama alƙalami? Tun daga ran nan aikin hannu a makaranta ya ɗauki tambarin na baya, har yanzu kuwa bai gama wankuwa ba.

Wajen 1930, bayan Mista Hussey ya zama Darektan Ilmi na Nijeriya duka, aka haɗa makarantun sana'a da na karatu na larduna suka zama makarantun Midil. Ta Kano ita ce ta zama Kwalejin Rumfa ta yau. Makarantar kwana ce, En'e ke ɗaukar nauyinta, yaro ya kan shige ta bayan ya gama elementare. Ban da Turanci da lissafi da labarin ƙasa da addini, akwai ɗakin sassaƙa, akwai wasanni da sikawut, yara kuma su ke lura da tsabtar ɗakunansu ƙarƙashin shugabannin da aka zaɓa daga cikinsu. Cikin waɗanda suka bi ta Midil ta Kano akwai Malam Aminu Kano, da Alhaji Maitama Sule, da Sarkin Kano Ado Bayero. Shi Malam Aminu, da ya zama malami a Midil ta Bauchi, ya shahara da sa almajiransa wasan kwaikwayo, yana fid da su daga aji su ga duniya da idonsu. Amma da aka mai da makarantun Midil sakandare cikin shekarun 1950, sai hankalin kowa ya koma kan jarrabawar fita, ɗakin sassaƙa ya zama wurin da a ke leƙawa in lokaci ya ragu.

Aure na biyu shi ne tsarin nan na 6-3-3-4. An tsara shi cikin Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, aka fara aiki da shi cikin 1982. A takarda babu abin da ya fi shi kyau. An ce shekara uku na ƙaramar sakandare yaro zai taɓa katako da ƙarfe da wayar lantarki, ya yi noma, ya koyi tattalin gida da sha'anin ciniki. An kuma ce ba jarrabawar rana ɗaya za ta yanke masa hukunci ba, malami zai riƙa auna shi a kai a kai ta fuska uku, watau abin da kansa ya riƙe, da halinsa cikin jama'a, da abin da hannunsa ya iya. Gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. To, daga nan sai magana ta lalace. Makarantu da yawa ba su da ɗakin da za a kafa injin, masu ɗaki ba su da lantarki, masu lantarki ba su da malamin da ya san kansa. Akwatuna suka yi shekaru a rufe, rana da damina suka ci rabonsu, ɓarayi suka ci nasu. Darasin da aka yi domin hannu ya koma zanen zarto a kan allo, yara su kwafa, su haddace sunayen sassansa da Turanci, su ci jarrabawa ba su taɓa jin nauyinsa ba.

A ganinmu kuskuren wancan karo shi ne an ɗauka kayan aiki su ne darasi. Masanan da suka fara wannan hanya a Amurka, John Dewey wanda ya buɗe makarantarsa ta gwaji a Chicago cikin 1896, da almajirinsa Kilpatrick wanda ya bayyana hanyar cikin 1918, ba daga inji suka fara ba. Sun fara ne daga wata bukata ta gaskiya wadda yaran su da kansu su ke son biya, sa'an nan karatu ya biyo bayanta.

Bari mu kawo misali daga gida. Sa'ad da Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi cikin watan Yuni 2024, cikin abubuwan da aka fi kuka da su akwai yaran da ke zaune a ƙasa don rashin abin zama. To, a ce wani aji ne a Daurawa mai yara 60, malami ya ce musu, "Wannan zango mu za mu yi wa kanmu benci." Tambaya ta fari, benci nawa? In uku-uku za a zauna, 20 ke nan. Wane tsawo? Sai a ɗauko tef, a zaunad da yara uku a auna, a ga ƙafa 4 ta isa. Katakon kasuwa ƙafa 12 ne, watau kowane ɗaya zai ba da mazauni uku. Ashirin a raba uku, ga shida da saura, dole a sayi bakwai, ragowar kuma a yi shawarar abin da za a yi da ita. Yaron da ya daɗe yana gaba da lissafin ɓangare, yau ga shi ya kama shi da hannu. Ran da aka fara yanka kuwa za su tarad da mazauni na uku ya gaza kaɗan, don bakin zarto shi ma yana cin nasa, abin da babu littafin aji da ya gaya musu.

Ba a nan ta tsaya ba. Sai an aiki waɗansu wurin 'yan katako su tambayo kuɗi a rumfa biyu ko uku, su dawo su kwatanta. Sai an rubuta wa shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye takardar neman kuɗin, da Hausa da Turanci, a gyara ta har ta yi kyan da za a iya miƙawa. Sai an naɗa ma'aji wanda zai riƙe littafin shiga da fita, ya karanta wa aji kowace Juma'a. Malamin kimiyya ya sami ƙofar bayyana dalilin da ɗanyen katako ke kantarewa in ya bushe, da abin da ke hana gara cinsa. Za a yi gardama, wani zai yi ƙyuya, wani zai lanƙwasa ƙusa goma kafin ya kafa ɗaya, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba za a ga ashe ita ta fi kowa ido wajen awo. Wanda ya sha wahalar yin benci kuma, da wuya ka same shi yana sassaƙa sunansa a kai da reza. Abin da a ke nufi da renon yaro ɗungum ke nan, kansa da halinsa da hannunsa duk a aiki guda.

Wani zai ce, ina malami zai sami gwanintar kafinta? Amsar tana bakin ƙofar makaranta. Ƙaramar Hukumar Tarauni, daga Daurawa har Unguwa Uku da Hotoro, cike ta ke da masu sana'a. A kasuwar waya ta Farm Centre samari ne birjik masu buɗe waya su gano cutarta su gyara, galibinsu kuwa a gindin wani suka koya. Ga shi gyaran waya na cikin sana'o'i shida da aka lissafa. Me zai hana a ɗauki amintattu daga cikin irin waɗannan, a ba su ɗan alawus, su riƙa shigowa rana ɗaya a mako su yi aiki tare da malamin aji? Shi gwani ya nuna yadda a ke yi, shi malami ya bayyana dalilin da ya sa a ke yin haka. Mun fi son gwanin ya zo makaranta bisa ga a tura yara shago, gama kowa ya san ɗan koyo a shago ya kan shekara yana sayo wa maigida abinci kafin a bar shi ya taɓa kayan aiki, kuma 'yan mata iyayensu ba za su yarda ba.

Akwai wahaloli, ba mu ɓoye ba. Ajin da ya cika ya batse ba ya aikatuwa sai an kasa shi ƙungiya ƙungiya, malami ɗaya kuwa ba shi da ido goma, ga zarto ga guduma a hannun yara. Katako da ƙusa da yadi kuɗi ne, kuma ƙarewa su ke yi, ba kamar inji ba da a ke saye sau ɗaya a ɗauki hoto. In ba a ware musu kuɗi kowane zango ba, nauyin zai faɗa kan iyaye, 'ya'yan talakawa su koma 'yan kallo. Darasin minti 40 kuma bai isa a fid da kaya a yi aiki a mayar ba, sai an haɗa darasi biyu ko uku a jere.

Mafi girma duka ita ce jarrabawa. Malami da yaro da uba duk sun san abin da a ke tambaya ran fita daga aji uku, shi za su bi, ba kuwa laifinsu ba ne. Muddin alƙalami kaɗai ke ba da maki, bencin nan zai zama wasa a idon kowa. Sabo da haka muna roƙon Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kano, tun ba a sayo ko guduma ɗaya ba, ta yanke yawan makin da aikin hannu zai ɗauka cikin sakamakon ƙaramar sakandare, ta kuma sa masu duba makarantu su riƙa zuwa da kansu su ga abin da yaran suka yi, su zauna a kan bencin su ji ko yana girgiɗi, su buɗe littafin ma'aji, su kira yaro ɗaya daga cikin ƙungiya su tambaye shi dalilin da ya sa aka sayi katako bakwai.