Wa Ke Da Sunan Gaya A Intanet?

Garuruwa uku ne aƙalla tarihi ya san su da sunan Gaya. Akwai Gaya ta Jihar Kano, inda aka ce daga nan ne maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka sauka gindin Dala neman tama. Akwai Gaya ta Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Doso, a bakin kogin Kwara. Sa'an nan akwai tsohon birnin nan na jihar Bihar ta ƙasar Indiya, inda mabiya addinin Hindu ke kai ziyara.

A gidan waya wannan bai taɓa zama abin damuwa ba, gama sunan ƙasa yakan bambanta wasiƙa. Amma a intanet al'amarin dabam ne. Suna ɗaya mai ƙarshe ɗaya, kamar .com ko .ng, mutum ɗaya kaɗai ke riƙe shi a duniya duka, kuma wanda ya riga zuwa shi ake yi wa rajista. Saboda haka ɗan kasuwar Ajingi, ko ƙungiyar ci gaban Gaya, suna iya wayar gari su tarar wani da bai taɓa taka ƙasar Kano ba ya riga su ga sunansu, ya kuma sa masa kuɗi.

Irin wannan ciniki ya yawaita a ƙarshen shekarun 1990, har ya sa hukumar ICANN, mai kula da sunayen intanet, ta kafa ƙa'idar raba gardama a 1999. Duk mai rajistar suna irin na .com ya amince da ita tun ranar da ya biya kuɗi. Ƙara ta farko ta shiga cibiyar sasanci ta hukumar WIPO da ke Janeba a watan Disamba na 1999, inda wani kamfanin kokawa na Amurka ya nemi sunansa daga hannun mutumin da ya yi masa rajista ya kuma nemi sayar masa. A watan Janairu na 2000 aka mayar wa kamfanin da sunan.

Hanyar ba ta da tsawo. Mai ƙara zai rubuta kukansa, a ba wanda ake ƙara kwana 20 ya amsa, sa'an nan alƙalin sasanci ɗaya, ko uku, su duba takardu su yanke hukunci, galibi cikin wata biyu. Ba a zaman kotu, ba a biyan diyya. Abin da ake yi shi ne a mayar da sunan, ko a soke shi, ko a bar shi inda yake. Wanda aka kayar yana da kwanakin aiki 10 ya garzaya kotu kafin a zartar.

Sai dai wajibi ne mai ƙara ya tabbatar da abubuwa uku gaba ɗaya. Na farko, sunan ya yi daidai ko ya yi kama da alamar cinikin da yake da haƙƙi a kanta. Na biyu, wanda ke riƙe da sunan ba shi da wata halastacciyar hujja ta riƙe shi. Na uku, da mugun nufi ya yi rajistar, da shi kuma yake amfani da sunan. In ɗaya ta faɗi, ƙara ta faɗi.

A sharaɗi na farko ne garuruwa ke yin tuntuɓe, domin sunan gari ba alamar ciniki ba ne. Majalisar birnin Basalona ta ƙasar Sifen ta yi nasara a gaban alƙalin sasanci a 2000, amma a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta warware nasarar. Gwamnatin New Zealand ta nemi sunan ƙasarta a 2002 aka kori ƙarar, daga bisani sai da ta sa kuɗi ta saye shi. To, in ƙasa mai cin gashin kanta ta kasa, ina ga ƙaramar hukuma?

'Yan kasuwa ma ba su tsira ba. A 2014 kamfanin Konga na Nijeriya ya kai ƙarar wani kamfanin Jamus, Rocket Internet, a kan sunan konga.sc, aka kori ƙarar saboda bai tabbatar da haƙƙinsa a kan alamar cinikin ba. Shahara a kasuwa dabam, shaida a gaban alƙali dabam.

A gida Nijeriya, ƙarshen .ng shi kansa sai da aka yi jayayya a kan wanda zai kula da shi. An ba ƙasar nan shi a 1995, rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu ruwa da tsaki, har Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki a 2004, aka ɗora wa hukumar NITDA riƙon amana. A 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA, wadda ke kula da shi, tana kuma da nata tsarin sasanci da aka gina bisa na duniya. Har ila yau, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta mai da kama sunan wani da gangan, ba da izini ba, laifi mai ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 5 ba, ko duka biyun.

Sulhu ba baƙon abu ba ne ga mutanen Gaya da Ajingi. Rikicin iyakar gona yakan fara daga gaban mai unguwa, ya je ga dagaci, ya kai ga hakimi, sau da yawa a kashe wutar ba a je gaban alƙali ba. Bambancin shi ne, dagaci ya san wanda kakansa ya sare dajin, dattawa kuma za su ba da shaida. Alƙalin sasanci na Janeba ko na Legas bai san kakan kowa ba, takarda kaɗai yake karantawa.

Don haka rigakafi ya fi magani. Ƙarshen .gov.ng an keɓe shi ga hukumomin gwamnati, ba mai iya riga ƙaramar hukuma a can. Masu sana'a da makarantu da ƙungiyoyi kuwa ya kamata su yi rajistar sunansu tun da wuri, su yi wa alamar cinikinsu rajista, su adana rasit da takardun da ke nuna tun yaushe suke aiki da sunan. Ya kamata kuma rajistar ta kasance da sunan ƙungiya, ba da sunan yaron da aka ɗauka ya haɗa shafin ba, a kuma riƙa sabunta ta kan lokaci, gama sunan intanet haya ne, ba gado ba. In wa'adi ya cika ba a biya ba, bayan ɗan lokaci yakan koma kasuwa, kuma kuɗin ƙara a WIPO, wanda ke farawa daga dala 1,500, ya ninka kuɗin rajistar shekara sau da yawa.