Makaho, masaƙi da kwalbar bakin teku: abubuwan mamaki a waƙoƙin cocin Wels

Wels ƙaramar ƙasa ce a yammacin Birtaniya, mutanenta miliyan uku da 'yan kai, jihar Kano kaɗai ta ninka su. Duk da haka, da wuya ka buɗe littafin waƙoƙin coci na Turanci ba ka ci karo da sunayen garuruwanta da gonakinta ba. Dalili shi ne, a al'adar waɗannan littattafai baiti daban, kari daban, kuma kowane kari da sunansa kamar ɗan mutum. Ana ƙirga gaɓoɓin kowane layi, a rubuta misali 8.7.8.7, sai duk waƙar da ta dace da wannan awo ta iya hawa kan karin. Wanda ya san yadda sha'iranmu ke ɗora sababbin baitoci a kan tsohon kari ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ta haka kari ɗaya yake zagaya shekara, daga Kirsimeti zuwa Ista zuwa godiyar kaka.

Ɗauki Hyfrydol, wanda ma'anarsa "mai daɗi". Rowland Prichard, ɗan yankin Bala, shi ya tsara shi tun bai cika shekara ashirin ba, aka buga shi a 1844. A makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti ana rera shi da baitocin Charles Wesley na jiran zuwan Almasihu, ranar tunawa da hawan Yesu sama kuma a sake jin sa da wasu kalmomin. Abin mamakin, kusan dukkan karin a kan matakan murya biyar yake yawo, sai can a layin ƙarshe ya taɓa na shida. Shi ya sa tsohuwa da jikanta duk suke iya bin sa. Mai wannan basira kuwa a masaƙa ya ƙare kwanakinsa, yana taimaka wa mai kula da injin saƙa a garin Holywell, har ya rasu a 1887.

Karin da ke tashe da safiyar Ista, mai Halleluya a ƙarshen kowane layi, sunansa Llanfair, na shekarar 1817. Robert Williams ya yi shi, makaho ne mai saƙa kwanduna a tsibirin Anglesey. A tsibirin nan ne kuma ake da ƙauyen da sunansa ya fara da Llanfair ya miƙe har haruffa 58.

Karin Bryn Calfaria, wato Dutsen Kalfari, na William Owen ne, wanda ya shiga fasa dutse yana ɗan shekara goma. Joseph Parry kuwa yana da shekara tara ya sauka ramin kwal a Merthyr Tydfil, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka a 1854, ya yi aikin ƙarfe, daga baya ya dawo gida ya zama farfesan kiɗa na farko a kwalejin Aberystwyth. Sunan garin ya raɗa wa karinsa mai juyayi, wanda aka buga a 1879, ana yawan jin sa a kwanaki arba'in na azumin Kirista kafin Ista. Ni dai wannan ne ya fi taɓa ni: leburori da 'ya'yan talakawa su suka ba majami'un duniya murya.

Akwai kari mai suna biyu. Na gaskiya Ebenezer, sunan wata majami'a kusa da Pontardawe, Thomas John Williams ya tsara shi. Na biyun Ton-y-Botel, "karin kwalba", saboda labarin da ya bazu cewa a cikin kwalba aka tsince shi a bakin teku. Labarin ƙage ne, amma sunan ya bi shi har yau.

Ga kuma John Hughes har uku. Na farko, ma'aikacin kamfanin kwal, shi ya yi Cwm Rhondda a 1907 don bikin buɗe sabon ogan a wata majami'a kusa da Pontypridd. An rera shi a jana'izar Gimbiya Diana a 1997 da ɗaurin auren ɗanta William a 2011, kuma 'yan kallon wasan ragbi suna kwarara shi a filin wasa. Na biyu, ɗan yankin Swansea, shi ne mai karin Calon Lân. Na ukun ya riga su da shekara ɗari, kuma labarinsa ya fi daɗi. Baitocin da mutanen Wels suka fi ɗorawa a kan Cwm Rhondda da harshensu na Ann Griffiths ne, 'yar manomi da ta rasu a 1805 tana da shekara 29, ba ta buga ko waƙa ɗaya ba. 'Yar aikin gidansu, Ruth Evans, ita ta haddace su, ta karanta wa mijinta John Hughes ya rubuta. Ba don haddar Ruth ba, da yawancinsu sun bi mai su kabari.

A yankin su Ann ɗin ne, Llanfihangel-yng-Ngwynfa, tsohuwar sujadar Plygain ta fi kafuwa. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa carar zakara, domin a da tsakanin ƙarfe uku zuwa shida na asubahin Kirsimeti ake yin ta. Mutane sukan ƙi barci, su kwana suna dafa alewa, sannan su nufi coci cikin sanyi riƙe da kyandirori. Ba kiɗa, ba jerin sunaye, ba mai gabatarwa. Bayan gajeriyar addu'a sai a ce an buɗe Plygain, mutum ɗaya ko uku ko iyali guda su tashi su rera, su zauna, wasu su tashi. Ƙa'ida ɗaya ce ba a ketarewa: ba a maimaita waƙar da wani ya riga ya yi a zaman, don haka kowace ƙungiya takan zo da guzurin waƙoƙi. Wasu gidaje ma suna da nasu na gado, maƙwabci ba ya taɓa su. Waƙoƙin kuma ba sa tsayawa a kan jariri a komin dabbobi, sukan bi labarin har gicciye da tashi daga matattu. A ƙarshe duk mazan da suka rera sukan haɗu a gaba su yi waƙar rufewa tare. Yanzu an fi yin ta da yamma, daga Disamba zuwa Janairu.

Lahadin ganyen dabino, a kudancin Wels Sul y Blodau ake ce mata, Lahadin furanni, ranar share kaburburan dangi da ƙawata su. Ar Hyd y Nos da Llwyn Onn kuwa waƙoƙin gargajiya ne da suka shiga coci suka zama na godiyar kaka.

Yadda jama'a suka iya rera murya huɗu ba tare da makarantar kiɗa ba, aikin John Roberts ne, wanda aka fi sani da Ieuan Gwyllt. A 1859 ya fitar da littafin karuruwa, ya kuma jagoranci taron rera waƙoƙi a Aberdare, irin wanda ake kira Cymanfa Ganu. Daga baya tsarin do-re-mi na John Curwen ya sauƙaƙa koyo, shi ne wanda ƙungiyoyin mawaƙan coci a Najeriya ke amfani da shi har gobe. Mutanen Wels da suka sauka Patagoniya ta Ajantina a 1865 sun tafi da al'adar, haka masu bishara da suka isa tsaunukan Khasi na Indiya tun 1841.

Duk waɗannan sunaye sun iso mu ne saboda wani ya zauna ya rubuta su a saman shafi. Shugabannin mawaƙa da na Zumuntar Mata a majami'unmu na Arewa, ku rubuta sunan wanda ya tsara kowace waƙa da shekarar da ya yi ta, tun waɗanda suka sani suna raye.